Usaina Ta Ce Lafiya Lau

Duk shekarar da aka turo mini ɗalibai koyon aiki, ba a kwana uku sai na ji wani yana raɗa wa ɗan'uwansa wai tsohon nan ya samu banza, yana zaune a ɗaki mai sanyi yana kallon allo kamar mai kallon ƙwallo. Ina jin ku, kunnena bai mutu ba tukuna. Ku ma na bana na ga yadda kuke yi: ku ɗaga kai ku ga fitilu uku duka kore, sai ku zaro waya ku hau latse-latse. To ku ajiye wayoyin ku matso kusa. Koren nan da kuke raina wa, babu abin da nake tsoro a aikina kamarsa, kuma yau zan gaya muku dalili.

Bari in fara da abin da muke gadi, don na lura wasunku sun iya sunayen Turanci amma ba su san me ke cikin akwatin ba. Ƙungiyar da nake wa aiki tana da ƙananan asibitoci biyu, ɗaya a nan Funtua, ɗaya a Malumfashi. Duk wanda ya taɓa zuwa, sunansa da ciwonsa da maganin da aka ba shi da wanda jikinsa ba ya so, duk suna cikin babbar na'urar ajiya, wadda muke ce wa saba. Saba ɗaya ba ta isa, domin ranar da ta faɗi, ranar asibiti ya makance. Shi ya sa muke da biyu. Ta Funtua sunanta Hassana, ita ke aiki. Ta Malumfashi Usaina ce, duk abin da aka rubuta wa Hassana sai ta kwafe nan take, tana zaune tana jiran ranar da 'yar'uwarta za ta faɗi ta karɓi aikin.

Akwai na uku, ɗan ƙarami, a wani ɗakin shan magani na ƙungiyar a Tsiga. Tun da bayan tagwaye ya zo, ai kun san sunansa Gambo. Shi ba ya ajiye komai, shaida ne kawai. Dokar ita ce ba wadda za ta yi aiki ita kaɗai, sai biyu cikin ukun sun ji muryar juna. Dalili kuwa, in hanya ta yanke tsakanin Funtua da Malumfashi, kowace za ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, kowace ta hau rubuta nata, a wayi gari da littafi biyu masu ƙaryata juna. Saboda haka Usaina ba ta da ikon cewa Hassana ta faɗi sai Gambo ya ce shi ma ya gani. In kuwa ta waiga ba ta ga Hassana ba, ba ta ga Gambo ba, sai ta kulle kanta, ko wa ya ƙwanƙwasa ba za ta buɗe ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya raɗa musu sunayen nan shi ne maigidana a sana'a, Malam Isuhu. Tsohon ma'aikacin wayar tarho ne tun zamanin da ake hawa turke da igiya a ƙugu, ni kuwa daga gyaran rediyo da talabijin ya ɗauko ni, ina ji da kaina don na iya riƙe ƙarfen like waya. Makona na farko, da safe ya shigo ya rataye hularsa ya ce, "Bala, ya Usaina ta kwana?"

Na dubi allo na ce, "Lafiya lau, Malam. Ga ta nan kore."

Ya mayar da hularsa ya ce in hau bayansa a babur. Muka je wani gida a bayan kasuwa, ya yi sallama muka shiga wani ɗaki, ga wani dattijo kwance, ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Malam ya durƙusa ya ce, "Yaya, ya ƙarfin jikin?" Dattijon ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Lafiya lau, Isuhu. Da sauƙi, alhamdu lillahi." Muka yi masa addu'a muka fito.

A ƙofar gida ya tsaya ya dube ni. "Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Malam."

"Kwanansa shida ko kunu bai wuce maƙogwaronsa ba. To na'urar nan da kake gani Bahaushiya ce. In ka gaishe ta, ko tana kan gargara lafiya lau za ta ce maka. Koren da ka nuna mini amsa gaisuwa ce kawai."

Daga ranar ya ɗora ni a kan tambaya uku. Ta farko, kina da rai? Ta biyu, ƙofarki a buɗe take, ma'aikata za su iya shiga? Ta uku, wadda ya ce ita ce uwar tambayoyi: mene ne abu na ƙarshe da kika rubuta, kuma yaushe? Yana da wata al'ada da yake kira aike. Kullum da safe sai ya rubuta wa Hassana layi ɗaya, ko me ya zo masa, "yau an tashi da hadari" ko "mai ƙosai ba ta fito ba", sannan ya buɗe Usaina ya nemi layin da idonsa. In ya gan shi, sai ya sa hannu a littafin dubawa. A lokacin ina ganin abin nan ƙauyanci ne. Da muka samu ci gaba, ni da kaina na haɗa wa allo tambayoyin uku yana yin su kowane minti, na sa ƙararrawa, in amsa ɗaya ta ɓaci fitila ta koma ja ta hau ihu. Malam ya duba ya ce ya yi kyau, amma bai bar aikensa ba har ranar da ido ya hana shi aiki ya koma gida Maska. Ni ne na bari, ko wata biyu da tafiyarsa ba a yi ba.

Kayan aikinmu ba su da wani kwarjini, shi ya sa kuke raina su. Ga bulowa ta hure ƙura, ga tasta ta gwada wuta, ga jarkar ruwan batir, ga littafin nan mai baƙin bango. Abokan gabarmu ma ba manya ba ne. Na taɓa wuni ina zargin 'yan kutse daga ƙasashen waje, ashe ƙadangare ne ya shiga inbata, akwatin da ke ba saba wutar batir, ya gasu. Na ga tururuwa sun gina gari a cikin soket. Na ga mai shara ta zare wa saba wuta ta jona wayarta, da na yi magana ta ce ai ramuka biyu ne, ɗaya ba ya komai. Masu hulɗa da mu kuwa, likitoci da nas-nas, ba sa sanin kana duniya sai ranar da allo ya ƙi buɗewa. Ranar ne za ka ji "Ina Injiniya?" tun daga bakin ƙofa, da muryar da ake kiran ɓarawon akuya.

Sai muguwar shekarar nan ta zo, wadda aka rufe layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga. Wasunku suna makaranta a wani gari, ba ku ɗanɗana ba. Mutum ya fita gona ba ka da hanyar sanin ya isa, sai dai in ka gan shi ya dawo. Mu kuwa duk hirar da tagwayen nan ke yi da Gambo ta layin kamfanin waya take bi. Rana ɗaya suka kurmance gaba ɗaya. Muka koma takarda da biro, muka shiga fafutukar kafa tamu hanyar: farantin aika saƙo a rufin asibitin Funtua yana kallon Tsiga, wani a Tsiga yana kallon Malumfashi. Ɓangaren Tsiga zuwa Malumfashi ya zauna daram. Na Funtua zuwa Tsiga kuwa kullum a kan siraɗi yake, iska kaɗan ta kaɗa sai ya yi rawa.

A kwanakin nan ƙararrawa ba ta yin shiru. Ɗakina bango ɗaya ne da ɗakin masu jego, jarirai na kuka tana kuka. Likitan da ke riƙe da asibitin, mutum mai haƙuri ne ƙwarai, amma ya leƙo ya ce, "Injiniya, ko ka yi mata magana ko in tsinke wayarta da almakashin tiyata." Na duba na ga tambaya ta uku ce ke ta da ita, domin Usaina tana baya wajen kwafewa, hanya ba ta da ƙarfi. Na ce a raina ai na san da matsalar, me zai sa a yi ta tuna mini. Na cire tambayar, da niyyar kwana biyu. Har na rubuta a 'yar takarda, "a mayar da ta uku", na manna a gefen allo. Ban san ranar da fanka ta ɗauke ta ba. Kada wani ya ce laifin Likita ne. Shi shiru ya nema, ni na zaɓi abin da zan toshe wa baki.

Da faranti ya daidaita, fitilu uku suka dawo kore. Aka yi ta yi mini sannu da ƙoƙari, ni kuma ina amsawa da baki har kunne. Kullum da safe in shigo, in dubi kore, in sa hannu a littafi, in aika a sayo mini shayi.

Wata Laraba, wajen ƙarfe tara na safe, hadari ya haɗo daga gabas. Aka yi wata tsawa da ta sa na cije harshena, inbatan Hassana ya yi tartsatsi, ɗaki ya cika da ƙaurin roba. Fitilarta ta koma ja. Na tsaya ina ƙirge a zuci, ban kai sittin ba Gambo ya ba da shaida, Usaina ta karɓi aiki. Allunan ma'aikata suka farfaɗo ɗaya bayan ɗaya. Wallahi har na ji wani daɗi, na ce yau ga ranar da muka yi shekaru muna shiri dominta, ta zo ta same mu a tsaye.

Ina tsugune ina cire wayoyin da suka ƙone sai ga Likita a kaina. Ya ce, "Injiniya, jaririn da na karɓi haihuwarsa shekaranjiya ba ya ciki."

Na ce, "Wataƙila an yi kuskuren rubuta sunan uwar."

"Uwar ma babu. Na nemi mutum huɗu na makon nan, ko ɗaya babu."

Na zauna na yi wa Usaina tambayar da na yi wata guda ban yi mata ba, da hannuna. Amsa ta daɗe tana tahowa ta lallausar hanyar nan. Da ta fito na karanta kwanan watan sau uku. Abu na ƙarshe da ta rubuta ya kwana talatin da huɗu. Sashen da ke kwafewa ya tsaya tun makon da aka rufe layi, bai sake tashi ba. Duk kwanakin nan ana gaishe ta tana cewa lafiya lau, ni kuma ina sa hannu.

Na gaya wa Likita. Ya jawo kujera ya zauna a hankali, yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga makonni, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Yau Laraba ko? Inna lillahi. Inna Delu."

Inna Delu wata dattijuwa ce daga Gozaki mai ciwon zuciya. Shekaru ana yi mata wata allura duk bayan mako huɗu a asibitinmu na Malumfashi. Watan da ya wuce ta zo Funtua zaman jegon 'yarta, ranar allura ta same ta a nan, aka yi mata. Ba a zare allurar da minti biyar ba fuskarta ta kumbura, numfashi ya sarƙe, da ƙyar da jiɓin goshi aka ceto ta. Likita ya rubuta da jan gargaɗi cewa har abada kada a ƙara yi mata, a koma ƙwaya. A cikin Hassana ya rubuta. Ita kuwa Usaina, wadda yanzu mutanen Malumfashi ke karantawa, abin da ta sani shi ne yau ranar allurar Inna Delu ce.

Na ce, "Ai kun gaya mata, ita da kanta za ta faɗa."

Ya ce, "Na gaya mata, ta ce to. Kunnenta ɗaya ba ya ji, kuma ko me mai farar riga ya ce, to take cewa. Na rubuta a katinta ma, amma wa ke duba kati tun da kuka kawo mana na'ura?"

Ya karɓi allona ya rubuta gargaɗin, ya danna. Abin ya yi ta juyawa. Ya sake, ya sake. Iska tana dukan rufi, muna jin farantin yana ƙara a kan ƙarfensa. A karo na uku fitilar Usaina da ta Gambo suka dushe daga ɓangarenmu, hanyar Funtua ta yanke. Na san kuwa can su biyun suna jin juna sarai, don ɓangarensu ni na ɗaure shi da hannuna. Usaina tana da shaidarta, za ta ci gaba da ba da tsohon labari da cikakken ƙarfin hali. Babu waya, babu saƙo. Sista Binta, nas ɗin da ke allura a Malumfashi, takan fara ne in ta gama awon masu ciki, wajen goma da rabi. Agogon bango ya ce tara da minti ashirin da biyar.

Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Abin da ya zo mini shi ne ba zan kai Malumfashi kafin goma da rabi ba a ruwan nan, amma zan iya kai Tsiga. In na kashe Gambo, Usaina za ta waiga ta ga ba kowa, ta kulle kanta. Shekara da shekaru ana ba ni abinci don kada na'ura ta tsaya, yau ga ni zan je in tsayar da ita da gangan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuma ba Inna Delu kaɗai ba ce, Allah kaɗai ya san me aka canza wa mutane cikin kwana talatin da huɗu.

Likita ya rubuta takarda ya buga hatimi, na naɗe ta a leda na cusa cikin riga. Na kai hannu kan jakar kwamfutata sai na fasa. A kwanakin nan mutum a kan babur da kwamfuta da wayoyi, a kowane shinge sai an sauke shi ya yi bayanin ko shi ne ke kai wa mutanen daji rahoto, kuma ba ni da mintin da zan bayar. Na bar ta, na ɗauki katin aiki kawai.

Hanyar nan na bi ta ya fi sau ɗari, amma ranar ban gane ta ba. Dawa ta yi tsawo ta rufe gefe da gefe, ba ka ganin taku biyar cikin gona. Ba mota, ba mai keke, gonakin masara da ya kamata a ce ana karya sun zama kufai. Ruwa yana dukan idona, ni kuma duk ganyen da ya motsa sai in zaci mutum ne. A wata kwana na hango babura uku a tsaye ƙarƙashin ɗorawa, mutane sun lulluɓe da leda. Na karanta duk abin da na haddace, na ƙara wuta na wuce, ban waiga ba, har yau ban san ko su waye ba. A shingen 'yan sa-kai aka tsayar da ni, wani ya juya katina sama da ƙasa, ya ce ina za ni a ruwan nan kamar wanda aka koro. Na ce rai zan ceto, na nuna hatimin Likita. Ya ɗaga gora ya ce Allah ya tsare.

Na isa Tsiga goma ta wuce da 'yan mintuna. Maigadin wurin, Baba Ɗanjuma, yana zaune a baranda da sandarsa a cinya. Shi ke riƙe da mabuɗin ɗakin Gambo, a ɗaure a mazagin wandonsa. Na dira ko gaisuwa ban yi ba na ce, "Baba, buɗe, zan kashe na'ura."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa'alaikumus salam. Mi ka ce za ka yi?"

"Kashe ta zan yi, Baba, don Allah yi sauri."

"A'a. Kai da bakinka, a nan inda kake tsaye, ka ce mini ko wa ya zo kada in bari a taɓa soket ɗin nan. Na ce ko Likita? Ka ce ko Likita. Na ce ko kai? Ka yi dariya ka ce ko ni ne. To ga ka."

Haka aka yi kuwa, ni na faɗa, bayan abin da mai shara ta yi mana. Na samu mutum mai riƙon amana na ɗaure kaina da shi. Na ce, "Baba, wancan zance ne na lokacin lafiya."

"Yo ni na san ko tilasta ka aka yi? Zamanin nan ana tasa mutum gaba da bindiga. Dubi yadda kake rawar jiki." Ya leƙa bayana yana duban hanya.

Na durƙusa a cikin taɓo, ruwa yana zuba a kaina daga indararo. Na ce, "Baba, ba wanda ya biyo ni. Akwai wata tsohuwa 'yar Gozaki, tana zaune yanzu a benci a Malumfashi. Na'urar can za ta ce a yi mata allurar da za ta kashe ta, kuma wannan na ɗakin ne ke ba ta ƙarfin faɗa. Laifina ne, ni na yi sakaci. In ta mutu, ni na kashe ta."

Sai ya miƙe yana kwance mazagi, ya ce, "Da ka faɗi haka tun farko. Amma da hannunka za ka cire, ni ba ni taɓawa."

Gambo yana kan tebur, 'yar fitilarsa tana ƙyaftawa. Na zare wayar batir, na zare ta bango. Fankarsa ta yi ɗan gunji ta tsaya. Agogon hannuna ya ce goma da minti goma sha tara.

Sauran hanyar ban iya tuna ta sosai, sai dai na san na faɗi sau ɗaya a wata gada na tashi. Abin da ke cina shi ne Sista Binta ta shekara tana yi wa matar nan allura, ta san ta da ka, ba lallai ta jira na'ura ba. Na shiga asibitin Malumfashi kaca-kaca da taɓo, mutane cike da baranda, layi ya tsaya. Sista tana hango ni ta taso da faɗa.

"Yawwa, ga shi nan! Injiniya, wace irin na'ura ce wannan? Tun ɗazu ta kulle, mutane sun taru mini, ba waya balle in kira ka."

Na ce, "Inna Delu. An yi mata?"

"Wace Delu? Ta Gozaki? Tana ciki. Na kira ta ke nan abin ya ɗauke. Na ma haɗa allurar, na ce bari in ɗan jira ko ta dawo in rubuta. Na gaji da jira, yanzu nake shirin yi mata in rubuta a takarda."

Na zaro ledar na miƙa mata. Ta karanta a tsaye, ta kai ƙarshe ta koma farko. Sai ta dafa bango. Ta ce a hankali, "Na tambaye ta fa. Wallahi na tambaye ta, Inna ya allurar wancan watan a Funtua? Ta ce mini lafiya lau."

Muka shiga tare. Ga tire a kan tebur, ga sirinji cike da farin ruwa, an rufe bakinsa, ga auduga a jiƙe a gefe. Inna Delu tana zaune a bakin gado, ta riga ta sassauta zaninta tana jira. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya nutse a ciki, tana numfashi sama-sama. Sista ta ɗauke tiren ta fita da shi. Tsohuwar ta dube ni, ta ga taɓo har gira, ta ce, "Sannu ɗan nan, ruwa ya ba ka kashi. Daga ina haka?"

Na ce, "Daga Funtua, Inna." Na zauna a ƙasa kusa da ita. Sai bakina ya yi abin da ya saba. Na ce, "Ya ƙarfin jikin?"

Ta karkato kunnen da ke ji, na maimaita. Ta yi murmushi, ta ja numfashi sau biyu kafin maganar ta fito. Ta ce, "Lafiya lau."

Kwana uku muka yi a kan takarda kafin na ta da Hassana. Allah ya sa wutar ba ta taɓa ma'ajiyarta ba, komai yana nan, na zauna na ga Usaina ta kwafe kwana talatin da huɗun nan har layin ƙarshe, sannan na koma Tsiga na jona Gambo. Baba Ɗanjuma ya sa na sake faɗin dokar soket a gaban shaidu biyu, da gyara. Na mayar da tambaya ta uku, na kuma gaya wa Likita in ƙararrawa ta dame shi ya zo ya tsinke ni, ita dai a bar ta. Littafin nan mai baƙin bango, ku buɗe tsakiyarsa za ku ga shafukan da na sa hannu a watan nan, kowace safiya "lafiya", da rubutuna mai kyau. An ce in yage su na ƙi.

To ga allo nan, fitilu uku duka kore, na ga kun ƙosa ku koma kan wayoyinku. Kai mai jar hula, zo ka zauna a kujerata. Rubuta wa Hassana layi ɗaya, ko me ka ga dama, ko ka ce tsohon nan ya cika surutu. Sannan ka buɗe Usaina ka nemo mini shi, ka ɗora yatsanka a kai in gani. Kafin nan ba wanda zai taɓa biro, kuma ba wanda zai ce mini ta kwana lafiya.